Zaren da Umma Ta Zaɓa a Waya

A layinsu ba a san ta da wani suna ba sai Mai Surfani. 'Ya'yanta biyu Umma suke ce mata, ƙanwarta tana ce mata Yaya, marigayi mijinta kuwa, wani kafinta mai son zolaya, har ya bar duniya Sufeto yake kiranta. Cewa yake bai taɓa ganin mutumin da zai kama gefen rigarka ya juya bayanta ya duba ɗinki kafin ya amsa maka gaisuwa ba sai matarsa. Kuma ba sharri ya yi mata ba, haka take.

Shekara arba'in da ɗoriya ta yi a kan kujera ɗaya, a gindin taga ɗaya, tana yi wa mutane ado a rigunan filo da zanen gado da labule da wuyan riga. Kayan aikinta ba su da yawa: allurai a cake a jikin wani ɗan matashi, ƙaramin almakashi mai igiya da take ratayawa a wuya, zoben katako da take ɗame yadi a ciki, sai gwangwanin biskit uku cike da zare. A wurin wata gwaggonta ta koya, mace mai zafin hannu wadda ba ta taɓa cewa aiki ya yi kyau ba, kuma dokar da ta gada a wurinta ɗaya ce, bayan aiki ya zama kamar gabansa. In ta ga ƙulli, ko zare ya tsallaka inda bai kamata ba, ba ta tsayawa gyara, farkewa take yi tun daga tushe, ko da aikin sati ne, ko da mai kayan yana tsaye a bakin ƙofa. Masu kawo aiki suna tsoron bakinta, amma ba sa kai kayansu wani wuri.

Tana da wani hali kuma. Kowane ƙullin zare yana zuwa da 'yar takarda naɗe a ƙugunsa, mai ɗauke da lambar launi. Ita da ta sayo, kafin ma ta cire mayafi, sai ta zare takardun nan ta watsa a kwandon shara. Mai shagon zare da ke bakin kasuwa, wani dattijo da ya san ta tun tana da goyon fari, ya sha yi mata nasiha ta riƙa ajiye ko da guda ɗaya. Amsarta ba ta canzawa: lamba ta makafi ce, ita Allah ya ba ta ido. Kuma gaskiya ya ba ta. Za ka jera mata kore goma waɗanda kai duk ɗaya kake ganinsu, ta ware maka su, ta ce wannan na ɗanyen ganye ne, wancan na ganyen da ya kwana biyu a kasuwa.

Mutum ɗaya wannan ido ya yi wa ɓarna, 'yar autarta. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya Auta ta zauna ta yi wani tsuntsu a rigar filo, sati uku tana fama, ta kawo wa uwar tana tsalle. Umma ta karɓa ta juya bayansa, ta ɗaga a hasken taga, ta jawo almakashi. Sau uku Auta tana kawo tsuntsun nan, sau uku ana juya shi ana farkewa. Bayan na ukun ta ajiye allura a kan tebur, kuma ba ta sake ɗauka ba har ta girma ta zama malamar makaranta, ta yi aure, ta haifi biyu. Ko maɓalli ne ya cire a rigar 'ya'yanta, tela take kai wa. Umma ta san dalili sarai, amma ba ta taɓa ganin laifin kanta ba. A ganinta yarinyar ce ba ta da haƙuri.

Bayan rasuwar kafinta gidan ya rage daga ita sai babban ɗanta da matarsa. Surukar mace ce mai sanyin hali, tana aiki a wani kantin magani, kuma tun shekararta ta farko ta gane cewa zaman lafiya a gidan nan shi ne mutum ya ce to. Ran Asabar kowa yake haɗuwa. Auta ta zo da mijinta da yara, ƙanwar Umma ta zo da surutunta, a zauna a dogon teburin da marigayi ya ƙera da hannunsa, wanda har yau sai an tokare ƙafarsa ɗaya da ninkakken kwali, don bai taɓa samun lokacin gyara na gida ba. Girkin Asabar na Umma ne, ba a taya ta sai da yankan albasa. Tun da hantsi take zama da babban faranti a cinya tana tsince shinkafa ƙwaya-ƙwaya, don ta ce ranar da wani ya tauna tsakuwa a gidanta, ranar mutuncinta ya zube. In ta gama sai ta miƙa wa surukar ta wanke, ita kuma ta koma kan miya.

Shekara biyu da suka wuce idon ya fara ja da baya. Da farko tagar ta ɗora wa laifi, ta sa aka wanke gilashin har sau biyu. Sai ta koma kan masu ƙera allura, wai yanzu ba sa huda kafa da kyau. Daga baya komai ya zama kamar ta cikin hayaƙin girki take kallonsa, fari ya daina zama fari. Ta koyi zura zare da laluben yatsa da leɓe, ba ta gaya wa kowa ba, a zatonta ba wanda ya lura. Ɗanta ya lura. Ya lallaɓa ta ya kai ta wurin likita da sunan gwajin tabarau, likita ya haska ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, aikin 'yan mintoci ne a cire. Umma ta ce ta ji, ta ɗauki jakarta. Mahaifiyarta ma haka aka gaya mata shekarun baya, ta shiga asibiti tana ganin inuwar mutane, ta fito ba ta ganin ko inuwar, kuma Umma ce ta yi mata jagora shekara bakwai, har zuwa banɗaki. Duk bayanin ɗanta cewa zamani ya canza bai shiga kunnenta ba. Tsoro take ji, tsoro mai tsanani, amma ta gwammace a ce mata mai taurin kai da a ce mata matsoraciya.

Ana cikin haka, wata Asabar, mijin Auta ya ajiye cokali ya ce ya samu aiki a wata ƙasa mai nisa, nan da wata biyar za su tashi gaba ɗaya. Kowa ya yi ta fatan alheri. Umma ma ta yi, sannan ta tashi ta shiga kicin ta daɗe tana juya miyar da ta riga ta dahu. A nan tsaye wani abu ya faɗo mata wanda bai taɓa zuwa ranta ba: ta yi wa rabin garin nan ado, amma a gidan 'yarta babu ko ƙyalle ɗaya na hannunta. Auta ba ta taɓa roƙa ba, ita kuma ba ta taɓa bayarwa ba, kowacce tana jiran 'yar'uwarta ta fara.

Washegari ta sayo farin yadi mai kauri, ta zana reshe mai zagaye gefensa gaba ɗaya, ganye ɗari da ashirin. Shimfiɗar tebur za ta yi, irin wadda ba ta taɓa yi wa kowa ba, Auta ta tafi da ita. Ta tona ƙasan gwangwani ta ɗauko wani kore na tsohuwar ajiya, wanda ta saya tun idon yana da ƙarfinsa. Sannan ta kira ɗanta ta yanke masa magana: bayan ta sa allura a ganye na ƙarshe, ya kai ta asibiti su yi yadda suka ga dama da idon, kafin nan kada ya sake tayar da zancen. In ma makantar ce ke jiranta, to aikinta na ƙarshe ya kasance babu inda za a ɗora yatsa a ce ga kuskure.

A ganye na sittin da huɗu zaren ya ƙare. Ba ta damu ba, ta ƙulle ɗan guntun da ya rage a bakin mayafi ta nufi kasuwa. Sau biyu tana wuce shagon ba ta gane shi ba. An yi masa sabon fenti, an jera rigunan waya da caja iri-iri a inda akwatunan zare suke. Wanda ta tarar a ciki ya ce ɓarin jikin dattijon ya shanye wata huɗu da suka wuce, 'ya'yansa sun ɗauke shi, kayan kuma an rabar. Ta daɗe tsaye a bakin shagon. Ta bi sauran shagunan ɗaya bayan ɗaya, inda ta samu zare ba irin nata ba ne, na roba ne mai ƙyalli, tana murza shi a yatsa take mayarwa. Ta dawo gida da ƙafa a kumbure, ba zare.

Auta ce ta ce a duba a intanet. Ita dai komai nata a waya take saye, tun daga takalman yara har tukunya, kuma Umma ta daɗe tana yi mata gori, wai wace irin mace ce za ta sayi abin da ba ta taɓa da hannunta ba. Ran nan ba ta yi gori ba. Suka zauna a gindin taga kafaɗa da kafaɗa, abin da suka shekara ashirin da wani abu ba su yi ba. Auta ta nemo kamfanin da ke yin zaren, zare iri ɗaya da na gwangwanin, ta ce abu ya zo da sauƙi, lambar kawai za a rubuta a yi oda. Ta tambayi takardar. Umma ta ce ita ba ta ajiye shara.

Sai aka koma neman launi da ido. Auta ta buɗe shafin, launuka sun fi ɗari huɗu, kowanne bai fi girman farce ba, tana ja da yatsa suna wucewa. Umma ta karɓi wayar ta kawo ta dab da hanci, ta ɗora guntun zarenta a kan gilashin tana kwatantawa. Hasken yana sukar idonta, launukan suna narkewa cikin juna, amma ba za ta faɗi haka a gaban 'yar da ta farke wa tsuntsu ba. Can ta dangwala yatsa ta ce ga shi nan.

Auta ta duba, ta sake dubawa. "Umma, wannan ai shuɗi ne. Naki yana can sama, cikin korayen."

"Tun kafin a haife ki nake zaɓen zare," in ji Umma. "Ki sa guda goma sha biyu."

Auta ta ce to a sa ɗaya daga wannan, ɗaya daga wanda ita ta gani, in sun iso a gwada. Umma ta ce ba ta da lokacin wasa, saura wata uku, kuma ba ta saba sayen abu biyu don rashin sanin wanda take so ba. Auta ta danna, oda ta tafi.

Kwana tara Umma tana zaune ba aikin yi, duk babur ɗin da ya tsaya a layin sai ta leƙa. Rana ta goma mai kawo saƙo ya buga ƙofa da ɗan kwali a hannu. Asabar ce, kowa yana kan tebur. Ta buɗe a nan gabansu, ta zaro ƙulli ɗaya, ta murza, ta ja shi a leɓenta, ta ji santsinsa da kaurinsa daidai da nata. Ranta ya yi fari. Ta kai hannu za ta zare takardun kamar kullum, sai Auta ta riƙe mata hannu. Ta ɗauko shimfiɗar ta ɗora sabon zaren kusa da ganyen ƙarshe, ta yi ƙasa da murya ta ce ba su zo ɗaya ba, kuma kamfanin yana karɓar kaya in ba a cire takarda ba, a bari ta mayar a canzo.

Da a ɗaki su biyu ta faɗa, wataƙila da Umma ta saurara. Amma ga mijin Auta a zaune, ga suruka, ga ƙanwa ta baza kunne. Umma ta ji kamar an fizge mata ɗankwali a tsakiyar kasuwa.

"Ke da ko zare ba ki iya zurawa a allura ba," ta ce, da muryar da kowa ya ji, "yau ke ce za ki koya mini launi?"

Auta ta saki hannun, ta ninke shimfiɗar yadda ta same ta, ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Umma." Ta koma kujerarta ta ci gaba da ba ƙaramin ɗanta abinci. Umma ta zare takardun ɗaya bayan ɗaya. Maganar ta yi mata ɗaci a baki tun kafin ta gama fita, amma ba ta san hanyar da ake bi a janye magana ba, ba wanda ya taɓa koya mata.

Daga ranar ba wanda ya sake cewa uffan game da zare. Ta koma gindin taga. Ganye ɗaya a rana in ido ya yarda, wata rana rabi, ruwa yana zuba daga idon ba na kuka ba, wuya ya ƙage, yatsa ya yi kanta. Da yatsan take ƙirga ɗinkin, tana shafa bayan yadin ta ji ko akwai ƙulli. Sau biyu ta farke cikakken ganye don ta ji gefensa ya ɗan karkace. Masu kawo aiki ta sallame su duka, ta ce su dawo bayan wata uku in da rai. Surukar in ta kawo mata shayi sai ta tsaya ta kalli aikin, ta ce sannu da ƙoƙari, ta fita da sauri. Ɗanta ya sayo mata fitila mai tsayawa ya kafa a gefen kujera, bai kalli yadin ba.

Ƙanwarta ce ta fi ba ta mamaki. Wannan mata tun suna yara ba ta taɓa ganin abu a hannun yayarta ta ƙyale ba, in ba ta ce furen ya yi kama da kabeji ba, za ta ce tsuntsun kamar kaza mai mura. Ta zo ta ɗaga shimfiɗar, ta daɗe tana kallo, ta buɗe baki, sai ɗan Umma ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa. Ta ajiye ta ce, "Yaya, hannunki yana nan." Shi ke nan, ba ƙari. Umma ta ji daɗi har cikin ranta, ta ce a zuci yau dai ta rufe bakin mai surutu. Ta kwana uku tana tauna wannan yabo.

Saura kwana huɗu tafiya ta sa allura a ganye na ɗari da ashirin. Ta wanke shimfiɗar da hannunta, ta goge ta ta baya, ta ninke, ta naɗe a farar takarda. Ran Asabar ta ƙarshe, bayan an kwashe kwanuka, ta miƙa wa Auta ba tare da dogon jawabi ba, ta ce ga wannan, a riƙa wankewa da ruwan sanyi, kada a jefa a injin wanki. Auta ta buɗe ninki ɗaya, ta shafa ganyen, sai ta kifa fuskarta a kai ta yi kuka, kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da mahaifinta ya rasu. Umma ta ɗauka kukan rabuwa ne haɗe da na murna. Ta dafa kanta ta ce ya isa, za ta ɓata farin yadi da hawaye.

Ta cika alkawari. Sati biyu bayan tafiyarsu ɗanta ya kai ta asibiti. Kafin ta fita ta bi ɗakinta da kallo, kujera, taga, gwangwanaye, tana haddace inda komai yake saboda lalube. A kan gadon aikin tsoron ya dawo mata, wannan karon ba ta ɓoye ba. Aka yi ido ɗaya aka rufe da auduga, washegari likita ya cire.

Abin da ta fara gani rigar ma'aikaciyar jinya ce, fara fat, har sai da ta runtse. Ashe haka fari yake, ta manta. A hanyar gida ta yi ta karanta allunan shaguna da ƙarfi kamar 'yar aji ɗaya, ɗanta yana dariya yana share ido. A gida kuma ta ga abin da ba ta nema ba: yanar gizo a kusurwar rufi, tabon mai a bangon kicin, furfura a gemun ɗanta, jijiyoyi a bayan hannunta. Ta yi faɗa a kan yanar gizon, kowa ya ji daɗi, aka ce Sufeto ta dawo bakin aiki. Likita ya hana ta allura da girki na sati biyu, don haka gwangwanaye suka zauna a rufe.

Ran Asabar Auta ta yi kiran bidiyo. Surukar ta jingina wayar a jikin kofi a kan dogon tebur, Umma ta zauna a gabanta. Ga fuskar Auta tar, har ɗan tabon goshinta na faɗuwar yarinta. Ga yara suna ɗaga hannu suna yi wa kakarsu barka da ido. Umma ta tambayi sanyin garin, ta tambayi ko ana samun albasa ta kirki, sannan ta tambayi abin da ke ranta tun farko, ko shimfiɗar ta yi daidai da teburinsu. Auta ta ce ta yi. Umma ta ce a nuna mata. Auta ta ce yara sun ɓata wurin da abinci, sai wani lokaci. Umma ta ce yanzu.

Hoton ya girgiza, ya juya. Tebur ne madaidaici a gindin wata taga, da faranti huɗu a kai. Reshen ya taso daga kusurwa da ganyensa kore shar, yadda ta san shi, ya bi gefe, ya sha kwana, ya sake shan kwana, sai kwatsam ganyen ya koma shuɗi. Ba shuɗin da za a yi gardama a kansa ba, shuɗin da ko yaro zai kira shuɗi. Haka ya zagaya har ya dawo ya haɗu da koren. Ɗinkin kuwa babu makusa, kowane ganye ya kwanta luf. Hamsin da shida ne, ba sai ta ƙirga ba.

Hannunta ya tafi wuyanta da kansa, inda almakashi yake rataye shekara arba'in, bai samu komai ba. Ta ɗago ta kalli ɗanta, ya sunkuyar da kai. Ta kalli surukar, ta juya tana gyara kofunan da ba sa buƙatar gyara. Ƙanwar ma ta kawar da kai. Sai Umma ta tuna gyaran muryar nan a bakin ƙofa, da yabon da ta kwana uku tana taunawa, da kukan Auta a kan yadin. Wata biyu da rabi tana zaune a tsakiyar gidanta ana tausayinta, ita tana ganin girmama ta ake yi. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da take.

"Ki sa shi a kwali ki aiko mini," ta ce. "Yadda aka aiko zaren haka za ki aiko. Sati shida ya ishe ni."

"A'a, Umma."

"To ki samu almakashi ki farke shuɗin. Kada baƙo ya shigo gidanki ya ga wannan a ce uwarki ce ta yi."

Fuskar Auta ta dawo cikin wayar. Ba ta ɗaga murya ba. "Baƙi sun riga sun gani, Umma. Na gaya musu uwata ce ta yi, ba ta gani, da yatsa ta yi shi. Ba zan farke ba. Ni na san yadda mutum yake ji in an farke masa aiki."

Umma ta buɗe baki. Maganar da ya kamata ta faɗa tana nan, ta shekara ashirin da biyar tana nan. Abin da ya fito shi ne a dai riƙa wankewa da ruwan sanyi. Auta ta ce to. Ƙaramin ya fara rigima a can, aka yi sallama, surukar ta ɗauke wayar.

Umma ba ta ci abincin kirki ba. Da aka tashi daga tebur ta shiga ɗaki ta buɗe gwangwani, duk da hanin likita. Ƙulli uku ne suka rage, suna kwance a sama, shuɗi, ba takarda a ƙugunsu. Ta daɗe tana riƙe da su. Sannan ta fito ta sami surukar a kicin tana wanke-wanke, ta tsaya a bakin ƙofa, wurin da ba ta saba tsayawa ba, don a gidan nan ita ake tsayawa a bakin ƙofa a tambaya.

"'Yar nan," ta ce, "shinkafar fa?"

Surukar ba ta yi kamar ba ta gane ba. Ta rufe famfo, ta goge hannu, ta ce ba wani abu ba ne, in an miƙo mata farantin takan ɗan sake tsincewa kafin ta wanke, a bayan ƙofa, bai fi minti goma ba. Umma ta tambayi tun yaushe. Ta ce shekara biyu ke nan.

Umma ta gyaɗa kai, ba ta yi faɗa ba. Ta koma gindin taga ta zauna. Ido ya dawo, aikin kuma yana can inda hannu ba ya kaiwa, kuma mai shi ta ce ba za a taɓa ba. Ta jawo guntun farin yadin da ya rage ta ɗame a zobe, ta zura shuɗin zaren a allura, karo ɗaya ya shiga. Ta yi nufin yin tsuntsun nan na Auta, daidai yadda yarinyar ta yi shi, da karkacewarsa da komai, ta sa a aika mata, tunda baki ya kasa. Ta ɗauki fensir ta ɗora a kan yadin, ta tsaya. Ta tuna ƙullin da ke wajen fiffike, ta tuna inda zare ya tsallaka, ta tuna har sako-sakon da ke ƙasan wutsiya. Amma ko wane irin tsuntsu ne, ko ina ya juya kansa, ko bakinsa a buɗe yake, ba ta sani ba. Sau uku yana zuwa hannunta, duk ukun bayansa ta duba.